Kofin Da Aka Ci Da Shiruna

Jama'a, sannunku da haƙuri. Na ga saƙonninku. Na ga masu cewa Nerina ta yi aure ta manta da mu, na ga baiwar Allah da ta rubuto cewa in data ce ta ƙare mini ta turo. Na gode, 'yar'uwa, amma ba aure na yi ba, data kuma ina da ita. Kwana goma sha biyu ke nan in na ɗauki wayar nan zan yi rubutu sai yatsuna su ƙi. Yau dai na ce ko ina kuka sai na faɗa muku, don abin ya fi ƙarfin cikina. Mai zagi ya zaga a ƙasa, na riga na sha wanda ya fi nasa.

Ga sababbin zuwa, sunana Nerina Cravero, shekarata ashirin da bakwai, haifaffiyar Villa Ormea. Ni ce mai kawo wasannin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Sportivo Ormea kai tsaye a rediyon garinmu. Shekara talatin da takwas Don Hilario, mai gidan rediyon, yana wannan aikin da bakinsa, sai bara likitoci suka yi masa aiki a maƙogwaro, murya ta tafi. Kowa ya ɗauka Remo zai gaje shi, tunda shekara goma sha biyar yana zaune a gefensa yana sharhi. Sai tsohon ya ɗauki makirfo ya ajiye a gabana. Remo bai yafe mini ba har yau, ni kuwa ban taɓa neman ya yafe ba.

Ranar farko maza suka yi ta bugo waya, wai a ce da yarinyar nan ta je ta duba tukunya kada ta ƙone. Kafin tsakiyar kakar wasa, su ɗin dai su ne ke tsayar da ni a hanya suna cewa in yi musu “gooool” ɗaya su ji. Daƙiƙa ashirin da biyu nake ja ban numfasa ba. A cikin rumbun hatsin kawuna na koya tun ina 'yar shekara goma sha ɗaya, inda ba mai ji sai tattabaru. Ban iya komai a duniya kamar yadda na iya wannan ba, kuma ban taɓa son komai kamarsa ba. Har da Lisandro. Allah ya sa bai karanta wannan ba.

Lisandro shi ne golan Sportivo, kuma shi ne saurayina shekara uku. Dogo ne, mai manyan hannuwa da kunnuwa a buɗe, ranakun aiki yana walda a garejin motocin noma. Babana ya fi son sa a kaina, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne a gidanmu. Mama kuwa kullum waƙarta ɗaya: “Shekara uku, Neri. Ko shanu ne ai sun haihu sau biyu. Yaushe zai buɗe baki?”

To, ga abin da ya faru.

Rabon Sportivo da kofi shekara talatin da ɗaya. Bana muka kai wasan ƙarshe da Juventud ta Campo Bassi. A gidansu aka tashi babu ci. Lahadin da ta biyo suka zo mana, gari ya ɗinke, har masu gonakin nesa sun shigo da taraktocinsu. Na sa farar rigata mai tambarin rediyo da baƙin wando, na ɗaure gashina tamau, na cika ɗan gorana da ruwan zuma da lemon tsami. Ƙarfe uku na hau akurkin ɗakin kwanon da muke zama a saman 'yan kallo. Zafin Disamba, wanda a ƙasarmu shi ne tsakiyar bazara, kamar a toya ƙwai a kan teburin.

Daga can ina hango Baba a matakalarsa ta kullum, ta bakwai daga ƙasa, da rigar ƙungiya wadda ba a wanke ta tun farkon kakar wasa, da ƙaramin rediyo manne a kunnen hagu. Baba Oreste mai faci ne, mutum ne mai hankali a komai, amma ban da ranar Lahadi. Da ƙafar dama yake shiga fili. Ba ya gaisa kowa sai an tafi hutun rabin lokaci. Mama kuma tun kafin a haife ni guga take yi duk lokacin da ake wasa, don ranar da aka ci kofin ƙarshe guga take yi. Ku yi dariya in kun ga dama, kowane gida a garinmu da irin nasa camfin.

Muka ci ɗaya kafin hutu. Muka ƙara na biyu bayan an dawo. Saura minti huɗu a tashi, biyu da nema, 'yan Campo Bassi har sun fara naɗe tutocinsu. Na dubi Baba na ga yana share ido da gefen wannan ƙazamar rigar. Ban san lokacin da abin ya fito ba, na rantse muku ban sani ba.

“Ormea, ku fito da tutoci! Mama, kashe dutsen guga! Shekara talatin da ɗaya, yau kofi a gida zai kwana! Mun zama zakaru!”

Yaro ɗan shekara biyar a ƙasar nan ya san ba a faɗin wannan kafin alƙali ya busa usur. Ni ma na sani. Don Hilario ya faɗa mini ya fi sau ɗari tun yana da murya. Amma magana zarar bunu ce.

Remo ya zare abin kunnensa a hankali, ya dube ni, ya ƙwanƙwasa katakon tebur sau uku, yadda ake yi a wurinmu don kore mugun baki. Rabin mutanen filin da rediyo a kunnensu suke kallon wasa. Sai na ga kawuna suna juyowa, layi bayan layi, suna ɗaga ido zuwa ɗakin kwanon. Baba bai juyo ba. Rediyon kawai ya sauke daga kunnensa.

Minti biyu bayan haka suka samu bugun kwana, wani ɗan wasan bayansu ya sa kai, ta shiga. Na faɗi “gol” ɗin a gajarce. A minti na ƙarshe wani yaro da ko sunansa sai da na duba takarda ya ɗana wata lagwaniyar ƙwallo daga nesa, irin wadda kakata za ta kama da hannu ɗaya tana shan shayinmu na mate da ɗayan. Lisandro ya durƙusa, ya buɗe hannuwa, ta sulale ta tsakaninsu ta bi ta ƙarƙashinsa, ta gangara cikin raga tana tafiya kamar mai jin kunya. Biyu da biyu. A ƙa'idar gasarmu sai a sake karawa Lahadi mai zuwa a filin da ba na kowa ba.

Da na sauko daga matakala mutane suka dare mini hanya. Ba wanda ya zage ni. Da zagin suka yi da ya fi mini sauƙi.

Litinin da safe na je sayen burodi wurin Doña Pocha, matar da ta san ni tun ina cikin zanen goyo. Ina sa ƙafa ta kai hannu ta dafe ƙirjinta na hagu. Maza biyu da ke kan layi suka juya baya, kowanne ya kai hannu gaban wandonsa ta hagu, suna yi kamar aljihu suke gyarawa. Kun san abin da ake yi wa haka. Mufa. Mai farar ƙafa, wadda in ta shigo sa'a ta fita ta taga.

“Doña Pocha, ni ce fa. Neri ce.”

“Shhh! Na san ke ce, 'yar nan, ba sai kin faɗi sunan ba. Ajiye kuɗin a kan kanta. Ni ban yarda da waɗannan abubuwan ba, kin sani, amma tanderuna sabo ne.”

Kafin azahar wayata ta ɗau zafi. An yanko muryata inda nake cewa “mun zama zakaru” an ɗora mata kiɗan jana'iza. An yi sitika da fuskata, da baƙar mage a kafaɗa. A zauren hirar danginmu na waya, ɗan kawuna da na koya wa hawan keke shi ya fara turo ta, ya goge, amma na riga na gani. Sai aka shiga tone-tone. Wai ni na yi hira da ɗan wasan gabanmu ranar Juma'a, Lahadi ya karye a ƙafa. Wai na je bikin buɗe shagon kayan sanyi, sati biyu injinsa ya ƙone. Wai ranar da aka yi mini baftisma ƙanƙara ta kashe alkama. Wata ma cewa ta yi a duba da kyau, daga lokacin da na fara aiki a rediyo ne Don Hilario ya fara tari. Wasa goma sha tara da muka ci bana da wannan bakin nawa, ba wanda ya tuna ko ɗaya. Zuwa Talata an daina kiran sunana a garin kwata-kwata. Na koma Wance. Wance ta wuce ta nan. Kada ka bari Wance ta taɓa maka mota.

A gida kuwa Baba ya ɗauke mini wuta. Ranar Talata muna cin abincin rana, soyayyen nama da dankali, ba ka jin komai sai ƙarar cokula da fanka.

“Baba, ga gishiri.”

Bai karɓa ba. Ya dubi Mama. “Delia, ki ce ta ajiye a kan tebur.”

“Haba Baba! Ni ce fa na ce a ci mu? Ni na tsaya a raga?”

Ya ajiye wuƙarsa. Bai ɗaga murya ba, kuma bai dube ni ba. “Ubana ya mutu yana jiran kofin nan. Ni ma na kusa. Minti huɗu kawai ake nema mutum ya riƙe bakinsa. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, wannan ko jahili ya sani. An ba mace makirfo, ga abin da ta saya mana.”

Ya tashi ya bar naman. Mutumin da a watan jiya yake tsayar da masu kawo faci yana ce musu “'yata ce waccan da kuke ji.” Na shiga ɗaki na kifa kaina a filo na yi kuka har sai da kaina ya yi ciwo.

Mama ta biyo ni da jan zare da reshen ruda, ganyen nan mai warin tsiya. Ta ɗaura mini zaren a hannu, ta tura ganyen cikin rigata.

“Mama, ke ma kin yarda?”

“Ni ban ce na yarda ba, ban ce ban yarda ba. Riga-kafi ya fi magani.” Ta zauna a bakin gado tana gyara mini gashi. “Ki ji ni, Neri. Aikin nan dama ba na ɗorewa ba ne. Kin yi, an ji ki, an yaba. Ki lallaɓa yaron nan kada ya kuɓuce miki. Wa zai auri macen da ake taɓa katako in ta wuce? Ki yi aurenki, in kin haihu biyu mutane za su manta.”

“In na haihu biyu ni ma na manta da kaina ke nan.”

“To, sai ki ci makirfo ki ƙoshi.”

Shi kuwa gogan, tun ranar Lahadi ban ji ɗuriyarsa ba. Na tura saƙo bakwai, duk ya buɗe, ba amsa. Sai Laraba da tsakar rana, lokacin da gari ke barci, wayata ta yi ƙara: *Fito kwanar kantin magani. Kada ki faɗa wa kowa.* Shekara uku yana faka babur ɗinsa a ƙofar gidanmu har maƙwabta suna ƙorafin ƙara, yau ni ake kira kwana. Duk da haka sai da na canja riga, na sa shuɗiyar nan mai ɗigo-ɗigo da yake so, na shafa jan baki. Ku ce mini wawuya, na karɓa.

Yana zaune a kan babur, bai kashe injin ba. Ya rame, idonsa ya faɗa.

“Licha,” na ce, sunan da nake kiransa da shi.

“Neri. Kin san ni ban yarda da wannan shirmen ba.”

“Kowa a garin nan bai yarda ba. Faɗi abin da ya kawo ka.”

Ya sunkuyar da kai yana murza hannun babur. “Yara sun yi magana a wurin atisaye. Koci ma ya yi. Suna so... muna so kada ki je ranar Lahadi. Kada ki kawo wasan. Wannan ɗaya kawai.”

“Muna so.”

“Ki fahimce ni. Akwai wani tsoho a bayan ragata da rediyo a buɗe. Na ji ki, Neri. Na ji lokacin da kika faɗa, jikina ya yi sanyi. Da ƙwallon nan ta taho muryarki nake ji a kaina.”

Na tsaya ina kallonsa. Sai a lokacin na lura da wani abu: kwana uku ana surutu a garin nan, ban ji mutum ɗaya ya ce gola ya yi kuskure ba. Ko ɗaya. Na ɗauke masa kayan gaba ɗaya, shi kuma ya bar ni da su.

“Hannunka ne ya saki ƙwallo, Lisandro, ba bakina ba.”

Fuskarsa ta yi ja har kunnuwa. “Na gode. Dama abin da nake bukata ke nan kwana huɗu kafin wasa.”

“In na zauna a gida kuka ci fa? Ka san abin da za a ce?”

“Za a ce mun ci! Me kike so kuma? Ke komai sai ya zama maganarki?”

Na miƙa hannu zan riƙe nasa. Ya janye. Ɗan kaɗan ne, kamar wanda ƙuda ya taɓa, amma ya janye. Shi ma ya san na gani. Ya ja babur ya tafi ya bar ni a rana da jan bakina.

Juma'a Don Hilario ya kira ni ofis. Tun bayan aikin da aka yi masa da ɗan littafi yake magana, ya rubuta ya juyo maka. Ya zuba shayin mate ya miƙo mini da hannunsa, na sha, ya karɓa ya sha a bayana. A satin nan kaf shi kaɗai ya sha abu bayan na sha, sai da hawaye suka zo mini.

Ya rubuta: *Shugabannin ƙungiya sun zo. Mahauci da mai sayar da iri sun ce a cire tallarsu in ke ce. An ce ba za a iya tsare ki a filin ba.*

“Don Hilario, kai ka ba ni aikin nan. Kai ka ce a shekara kusan arba'in ba ka ji wanda ke ganin fili kamar ni ba.”

*Har gobe haka ne. Lahadi ɗaya ce, 'yata. Remo zai yi.*

“To, in aka ci mu ba ni, sai su ce farar ƙafata ce ta bi su har can. In muka ci ba ni, shi ke nan, magana ta tabbata. Ta ina zan dawo? Nuna mini ƙofar.”

Ya daɗe yana juya biro. Sannan ya rubuta: *Kin tuna mai ɗaukar hoton ƙungiya na da, wanda ya koma kudu?*

“Wanne? Yaya sunansa?”

Ya ƙi rubuta sunan. Ya dube ni kawai, ya rufe littafin. Sai na gane: shi ma mufa aka mayar da shi, har yau ba a kiran sunansa.

A bakin ƙofa na ci karo da Remo yana gwada abin kunnena, yana sassauta shi don ya shiga ƙaton kansa. Faɗuwa ta zo masa daidai da zama.

“Gimbiya! Ki huta abinki, kin ji? Ki sha zumarki. Sai dai don Allah kada ki yi mana fatan alheri.”

Ranar Lahadi tun ƙarfe goma gari ya watse. Motoci, taraktoci, bas biyu na makaranta, kowa ya nufi filin da ke tafiyar awa ɗaya daga nan. Baba ya fita da ƙafar dama bai ce mini ci kanki ba. Aka bar mu da karnuka da tsofaffin da ba sa iya tashi.

Ban yi wanka ba. Na zura wata tsohuwar rigar Mama mai furanni ruwan ɗorawa, wadda ta koɗe har an fara goge tebur da gefenta. Silifas ɗina ɗaya ya ɓace a ƙarƙashin gado, na fito da ɗaya. Na ja 'yar kujerar katako na zauna a jikin firij, don nan ne kawai ke da sanyi, Mama ta ajiye mini kwanon dankali wai in fere kada in zauna haka. Ƙarfe huɗu ta jona dutsen guga ta kunna rediyo.

Wayyo, jama'a. Ban taɓa sanin akwai azaba irin ta ka ji wani yana yin aikinka da hannun hagu ba. Remo yana kiran lamba takwas da sunan lamba biyar. Ƙwallo tana wannan gefe yana ba da labarin wasan da ya gani yana saurayi. Daga ihun 'yan kallo kawai nake gane inda take, bakina yana motsi shi kaɗai, ina faɗin wasan a hankali ga kwanon dankali. Mama ta ce, “Neri, rufe bakin nan, don girman Allah.” Na rufe.

Suka ci ɗaya. Muka rama saura minti goma. Aka tashi kunnen doki, aka tafi bugun fenariti. Muka ci huɗu cikin biyar, su sun ci uku cikin huɗu, saura bugunsu na ƙarshe. In Lisandro ya tare, kofi namu ne.

Ga abin da na kasa rubutawa kwana goma sha biyu. Mama ta saki guga ta durƙusa a gaban hoton Budurwa Maryamu da ke saman firij. Ni ma na rufe ido, da wuƙa a hannu ɗaya da dankali a ɗayan, na yi addu'a da dukan zuciyata. Na ce, ya Ubangiji, ka sa ta shiga. Ka sa ya faɗi ta wancan gefen. A ci su ba ni a wurin, ko mutum ɗaya ya ce ashe ba ita ba ce. Garin da aka haife ni, ubana da ke jira shekara talatin da ɗaya, mutumin da nake so yana tsaye shi kaɗai a tsakanin turaku biyu, ni kuma ina zaune a jikin firij ina roƙon Allah ya kunyata su. Ban taɓa ƙin kaina kamar a wannan daƙiƙar ba, kuma ban janye addu'ar ba.

Ya tare.

Remo ya yi wani ihu kamar an taka wa agwagwa wuya, daƙiƙa uku numfashinsa ya ƙare ya kama tari. Mama ta rungume ni tana tsalle, rigar Baba ta coci tana ƙonewa a ƙarƙashin dutsen guga ba ta ma sani ba. Da Remo ya samu numfashi sai na ji ya ce, “Gaisuwa ta musamman ga wadda ta zauna a gida. Ba sai na faɗi suna ba. Gari ya gode miki, gimbiya!” Na ji dariyar mutane a bayansa.

Ban tashi daga kujerar ba. Ban san awa nawa na yi ba. Rana ta yi sanyi, sai na fara jiyo hon daga bakin gari, da ganguna, da jiniyar motar kashe gobara da ake ɗora zakaru a kai a zaga da su. Aka banko ƙofa. Baba ne, jiƙe sharkaf da gumi, muryarsa ta dishe, yana kuka kamar ƙaramin yaro.

“Neri! Nerina! 'Yata!”

Sati guda ban ji sunana a bakinsa ba. Ya ɗaga ni ya rungume, yana sumbatar kaina, warin rigar nan ya cika mini hanci. Na saki jiki na fashe da kuka a ƙirjinsa. Na ce a raina shi ke nan, ya huce, ubana ya dawo mini, sauran duk mai sauƙi ne.

Sai ya riƙe kafaɗuna ya ja baya yana duba ni sama da ƙasa.

“A ina kika zauna?”

“Na'am?”

“Lokacin fenariti. A ina take zaune, Delia?”

“A nan, jikin firij. Tana ferar dankali.”

“Kada wanda ya taɓa kujerar nan!” Ya fita da gudu zuwa shagonsa, ya dawo da allin da yake yi wa taya alama. Ya durƙusa a ƙasa, mutum mai shekara sittin da biyu da ciwon gwiwa, ya zagaye ƙafafun kujerar ɗaya bayan ɗaya, a hankali, harshensa a waje. “Rigar nan kada a wanke ta. Silifas ɗaya ne a ƙafarta? Wace ƙafa? Hagu. To, hagu. Dankali nawa kika fere?”

“Baba...”

“Mun hau gasar ƙasa, Neri! Watan Maris za a fara, wasa goma sha takwas, har da manyan filaye masu fitila. Duk Lahadi nan za ki zauna, daidai haka. Ashe ke ce sa'armu ba mu sani ba! Wuri ne kawai ba mu gane miki ba.”

Wasa goma sha takwas. Filayen da tun ina rumbun kawuna nake kiran sunayensu ga tattabaru. Da farin ciki yake faɗa, jama'a, da ƙauna tsantsa a idonsa. Da ƙiyayya ce da na san yadda zan yi faɗa da ita.

Jiniya ta tsaya a ƙofar gidanmu. Baba ya ja hannuna ya fito da ni a haka, da koɗaɗɗiyar riga da silifas ɗaya. Layinmu ya cika maƙil har kan katangu. Doña Pocha tana gaba tana jefo mini sumba da hannu biyu. Ga Lisandro a saman jar motar, kofi a hannu ɗaya, lasifikar 'yan kwana-kwana a ɗayan.

“Neri!” Muryarsa ta karaɗe unguwa. “A gaban garin nan kaf nake faɗa! Abin da kika yi mana yau ba wanda ya taɓa yi! Ki aure ni! Ki zauna mini a gida kowace Lahadi har in daina tsaron raga!”

Gari ya ɗauki sowa. Mama ta dafe baki tana kuka a bayana, tana zungurina da gwiwar hannu. Sai ga Remo ya kutso ta cikin mutane, yana jan waya a bayansa, har yanzu suna kai tsaye. Ya miƙo mini makirfo, nawa, mai ɗan jan ƙyallen da na ɗaura masa a wuya, ya tsayar da shi daidai bakina.

“Gari na saurare, gimbiya. Kalma ɗaya kawai, kada ki ƙara.”

Aka yi tsit. Na dubi Lisandro, na dubi Baba da alli a yatsunsa. Na buɗe baki. Ni da nake jan numfashi ɗaya daƙiƙa ashirin da biyu, na nemi ko da “a” a maƙogwarona na rasa. Ina tsaye, makirfo a bakina, rediyon kowane gida yana watsa shiruna.

Sai wani daga can baya ya ɗaga murya ya ce, “Yauwa! Haka muke so! Kada ta ce komai!”

Suka fashe da dariya, suka kama tafi. Har Baba yana tafawa.